Kawu Bawa da Fankar Inna Hassi

Duk wanda ya san Kawu Bawa ya san bai taɓa shiga shago ya tambayi farashi ba. Shi tambayarsa ɗaya ce: "Saura nawa?" In mai shago ya ce ai sun kusa ƙarewa, shi ke nan, sai ka ga idon Kawu ya kawo haske. Ya kwashe ragowar kaf, ya ɗaure a bayan mashin, ya dawo gida ya jera su a kan farin zanen gado, ya ɗauki hoto, ya ɗora a shafin gwanjo na intanet. Can mutanen Gusau da Sakkwato har da Abuja za su yi ta taya wa juna, har kayan su wuce kuɗinsu na shago. Kawu kuwa yana zaune a ƙofar gida yana daka wa waya tsawa, "Albarka! A ƙara!" kamar tana jin sa.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi a nan Mafara, don haka ganau ce ni, ba jiyau ba. Kawu ba ya ƙarya, wannan kam ni shaida ce. Abin da yake rubutawa a ƙarƙashin hoto kawai shi ne, "Ba a samun shi a shago." Yo ina za a samu, tunda shi ya kwashe?

Akwai wani Malam Sani mai shago a Bakura da Kawu ya saye wa fulas ɗin shayi duka. Matar Malam Sani ta ga fulas a waya, ta tubure sai shi. Miji ya shiga gwanjo, ya yi ta fafatawa har ya ci. Direba ya kawo saƙo ƙofar shagon, Malam Sani ya juya kwali, sai ga farashin da ya rubuta da hannunsa! Ko shago bai rufe ba ya hau mashin sai gidanmu.

"Bawa! Hulas ɗina ka saisam min?"

"Ranka shi daɗe, kana saisuwa, ni na saye. Ina saisuwa, kai ka saye. Mi ab batun rigima?"

"Ninki hwa, Bawa!"

"Awo. Ai ya sha tahiya, ya ga duniya."

Ba kullum ake kwana a gado ba. Wata shekara ya je Maradun ya kwashe lemar garin gaba ɗaya, wai damina ta matso. Damina ta zo ta wuce, ko mutum ɗaya bai taya ba. Kawu ya ce ba zai karya farashi ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Tun daga nan duk wadda ta haihu a danginmu, lema ce barkarta. Ni kaina uku na samu.

Wadda ta sha wuyar wannan sana'a ita ce matarsa, Inna Hassi. Baiwar Allah ba ta nemi gwal ba, ba ta nemi leshi ba. Fanka mai caji take so, saboda zafin Mafara ba ya barin ta barci, ga hawan jini. Kawu kuwa ya kawo fanka ta fi a ƙirga. Kowace ya kawo a ɗakinta yake ajiyewa, cikin kwali, ya ce, "Wagga taki ce, Hassi, in ba a taya ba." Kuma kullum sai an taya! Sai ka shiga ka tarar da ita ta jingina da kwalin fanka tana fifita da mafici. Wallahi abin ya riƙa ba ni haushi, ko da ina dariya.

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, Inna ta kai bango. Ta sayar da akuyarta, ta kira ni ɗaki.

"Ke ɗiyag ga, buɗe min suna cikin abin nan nashi. Ki sa Hajiyar Abuja."

Muka shiga gwanjon wata fanka da Kawu ya ɗora. Ga wani mutumin Gusau ya nace, mu ƙara ya ƙara. Kawu ya shigo tsakar gida har hula na faɗuwa.

"Hassi! Wata Hajiya ta kamu! Irin masu kuɗɗin da ba su san zahinsu ba!"

Inna tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. "Allah sarki. Halan mijinta ne bai saya mata ba."

"To wane irin miji ne wanga? Sakarai!"

Ni dai na shige madafa na toshe baki da gyale.

Da la'asar mutumin Gusau ya saduda, Hajiyar Abuja ta ci. Kawu ya tura saƙo cikin ladabi, ranki ya daɗe ina za a kai kaya? Inna ta faɗa, ni na rubuta. Ya tsaya tsakiyar gida yana karanta muna da ƙarfi: "Talata Mafara. Gidan Bawa. Ɗakin da ad dab da randa..."

Ya dubi waya, ya dubi Inna, ya dubi kwali. Can ya gyara murya.

"To, kuɗɗin mota hwa, wa ka biya?"

Inna ta jefe shi da rariya. Kuɗin kuwa ya karɓe su cif, don shi ciniki ciniki ne. Amma da hannunsa ya yanke salatif ɗin kwalin, ya haɗa fankar, ya saita mata. Ranar Talata kuma sai ga shi ya dawo daga kasuwa yana jan akuya mai ciki, ya ɗaure a turken Inna yana gunaguni wai araha ya gani, kada kowa ya yi masa wata fassara.

Ciwon ajalinsa ma a cikin zafi ya same shi. Inna takan juya masa fankar, da ta ɗan kau da kai sai ya miƙa hannu da kyar ya mayar da ita wajenta.

"Taki ce, Hassi. Ke kib biya."

Allah Sarki, Kawu. Ka ba mu dariya har ranar da ka ba mu kuka. Ya Allah ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya makwancinsa, ka ba Inna Hassi haƙurin rashinsa. Amin.