Ruwan Tsakiyar Teku na Baba Zungu

Duk wanda ya ce mini aikin jirgin shaƙatawa jin daɗi ne, bokiti da safar hannu zan miƙa masa, ya biyo ni hawa na tara ranar da muka dawo tashar jiragen ruwa ta Durban. Ni Dudu na daɗe ina gyaran ɗakunan fasinjoji a jirgin nan, amma labarin da zan ba ku na Gabisile Zungu ne, abokiyar kwanana, ita a gadon ƙasa ni a na sama.

'Yar ƙauyen Mahlabathini ce, 'yar fari a gidansu, doguwa, magana ba ta dame ta ba. Tun tana budurwa ta gangaro Durban, ta yi wanke-wanke a gidan abinci, ta yi sharar otal, sai da ta doshi arba'in ta samu jirgi. A ƙauye cewa ake ta haye. Ai ta aika musu hoto: jirgi fari fat ya kere benayen gari, ga gidan rawa, ga gidan caca, ga ɗakin abincin da ba a rufewa, ga tafkin wanka can ƙololuwa. Ba ta aika hoton ɗakinmu ba, wanda ke can ƙarƙashin ruwa, ba taga, in ɗaya za ta sa kaya sai ɗaya ta hau gado.

Fasinjojin kuwa, tir! Mutum ya shigo da kwat yana ƙamshi, a ɗaura masa robar nan a hannu mai nufin ya sha iya shansa, shi ke nan, kunya ta tsaya a tasha. Amai a bokitin ƙanƙara. Ƙashin kaza ƙarƙashin matashi. Kunzugun yaro an cusa a masai har ya toshe wa layin gaba ɗaya. Mu kwashe, mu goge, sannan wai mu naɗe musu tawul ya zama giwa a kan gado don ransu ya yi fari. Giwa fa! Ni ina naɗewa ina tsine musu a zuci. Gabisile kuwa naɗewa kawai take, kuma giwarta ta fi ta kowa kyau.

Ana haka mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Mu dai a wajenmu kowa ya san aikin ruwan teku: a yi wanka da shi, a yayyafa a gida, a sha a wanke ciki. Duk wanda ya zo Durban daga ƙauyukan tudu da gorar ruwan teku yake komawa. An kai wa Baba Zungu goruna ba adadi, hannu bai motsa ba. Sai mai addu'ar cocinsu ya ce ai ruwan gaɓa kowace ƙafa ta taka shi, a nemo na tsakiya.

Ina zaune mahaifin nata ya kira ta a waya, harshensa ya yi nauyi.

"'Yata, ke da kike kwana a tsakiyar teku, ai hannu kawai za ki miƙa."

"To, Baba."

Tana ajiye waya na ce, "Sisi 'yar'uwata, wane hannun? Na raƙumin dawa gare ki?"

Wata da watanni muna bisa teku, ko yatsanmu bai taɓa shi ba. Ruwan yana can ƙasa, nisan bene da benaye. Ka zura igiya, kyamara ta gan ka, a sauke ka da jakarka a tasha ta gaba. Ranar da ake kwasar fasinjoji a ƙananan jirage zuwa tsibirin Mozambik kuwa, ranar muke juya katifu.

Washegarin wata ranar tsibiri, da hantsi, na hau sama kai tawul, sai ga Gabisile durƙushe a bakin tafkin wanka da gorar lemo. Wani ya gaya mata wai daga teku ake jawo ruwan.

"Ajiye gorar nan!" na ce. "Kin haukace?"

"Ruwan teku ne, Dudu."

"Dā ne! Buɗe ido ki duba."

Man shafawa ya yi yanar bakan gizo a sama. Ga filastar ciwo tana yawo, ga guntun gashin kanti, ga yashin ƙafafun jiya ya kwanta a ƙasa.

Na ce, "Ƙartin nan da ke shiga tun safe da kofin giya, ba su fita sai la'asar, kin taɓa ganin ɗaya ya nufi banɗaki? Ina kike tsammani giyar take zuwa? Wannan za ki ba tsohon ya sha?"

Ta zubar, ta zauna a kan kujerar fasinja, abin da aka hana mu, ta fashe da kuka. Ranar na fara ganin hawayenta, kuma na ji haushin jirgin nan.

Rodel ne ya fitar da mu, ɗan Filifin mai gyaran famfo, wanda kullum muke kira ya buɗe masai. Ya ce can ƙasa wajen injuna akwai famfon da jirgi ke zuƙo teku don a tace ruwan sha, kafin a zuba masa kowane magani. Ya jira sai da ƙasa ta ɓace ta kowane gefe, ya cika mata gorar. Wayyo, ruwa garai-garai, ban taɓa ganin irinsa ba. Ta naɗe shi a farin mayafinta na coci, ta ajiye wajen kanta har kwantiraginmu ya ƙare.

Na raka ta gida. A motar haya a cinya ta riƙe gorar, ta hana kowa taɓawa.

Muka tarar da Baba Zungu a tabarma gindin bishiya, mahaifiyarta na kore masa ƙuda. Gabisile ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. Ya karɓa da hannun mai lafiya, ya ɗaga wa rana, ya girgiza, ya sake dubawa.

"Ina yashin?"

"Baba, na tsakiya ne. Can ba..."

"Ni za ki koya wa ruwan teku? Duk gorar da aka kawo gidan nan da yashi a gindinta. Ko yaro ya san haka ake gane na gaskiya." "Gishiri kika zuba a ruwan famfo. Kin zama 'yar jirgi, kina ƙyashin sunkuyawa saboda ubanki."

Na buɗe baki zan yi magana, uwar ta harare ni, sannan ta yi wa 'yarta nuni da ido zuwa bayan ɗaki.

Gabisile ta karɓi gorar ta zagaya, na bi ta. Akwai tulin yashin gini a wurin, wanda kaji ke birgima a kai, kare kuma ya mai da shi wurin tsugunno. Gabisile ta durƙusa. Sannan ta tone gefe, ta damƙo, ta zura a bakin gorar. Ina kallo ruwan nan ya yi duhu.

Ta koma ta durƙusa. "Gafara, Baba, goruna ne suka rikice mini. Ga taka."

Ya ɗaga, ya ga yashi ya kwanta. Rabin fuskarsa ya yi murmushi. "Yauwa, 'yar albarka. Na san ba za ki ba ni kunya ba." Ya kafa kai ya sha, uwar na tallafe da gindin gorar.

A hanyar dawowa muka hango teku daga kan tudu, da wani farin jirgin a tasha.

"Dudu," ta ce, "da kin bar ni na ɗebo masa na tafkin. Shi ai da yashinsa."