Matar da Ake Kira Ƙarfe Takwas

A duk benen nan mai hawa huɗu babu mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Ƙarfe Takwas ake ce mata, tana kuma amsawa har da ɗan murmushi. Sunan ya samo asali ne daga ɗan asibitin unguwa, inda likitan iyali ke duba mutane. Wurin nan ba a zuwansa haka siddan a ce ga ni na zo. Sai an buga waya ƙarfe takwas na safe an nemi lokaci, kuma kafin takwas da minti bakwai an rabe guraben ranar kaf. Wanda ya makara sai muryar na'ura ta ce masa ya sake gwadawa gobe, cikin ladabi, kamar ba ita ta kashe masa yini ba.

To, ita ta san kan abin. Ta san a jikin tagar kicin waya ta fi kamawa. Ta san ana fara bugawa ne saura daƙiƙa goma, a danna biyu sannan ɗaya ba tare da an tsaya sauraron dogon surutun na'ura ba. Waya biyu take riƙewa, tata da ta maigidanta, kowane hannu da aikinsa. Maƙwabta kan tsokane ta su ce da gasa ake yi da tuni ta cika ɗaki da kofuna.

Ba don sha'awa ta koya ba. Maigidanta mai fenti ne a da, mutum mai yawan dariya, har ranar da hawan jini ya saukar da shi daga kan tsani ya shanye masa ɓarin dama. Shekara tara ke nan. Harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Maganinsa kuwa sai an sabunta takarda, sai an auna jini, sai an duba ƙafa, kuma kowanne sai da wayar safe. 'Yarsu tilo tana aure can nesa da nata 'ya'yan. Saboda haka kullum sai ta yi masa wanka, ta ba shi abin kari, ta tsaya jikin taga ta yi yaƙinta, sannan ta kama hanyar gidan wanki inda take gugar zannuwan otal daga tara zuwa biyar.

Wata safiya tana wanka hannunta ya taɓo wani abu a gefen nononta na hagu, ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake. Ba ya ciwo. Amma ita ba yarinya ba ce, ta san abin da ake faɗa a kan irin wannan. Ta ce gobe za ta nema wa kanta lokaci. Me zai gagare ta, ita da ke samar wa bene guda?

Washegari layi ya shiga. Yarinyar da ke zama a teburin karɓar mutane ta gane muryarta nan take.

"Mama, ina kwana? Gurbi ɗaya ya rage, sha ɗaya saura kwata. Wa za a gani?"

Daidai lokacin aka buga ƙofa. Maƙwabciyarta ce ta hawa na biyu, ɗauke da jaririya mai numfashi kamar ana jan zarto, ido ya yi jawur.

"Yaya, tun ɗazu nake bugawa ya ƙi shiga. Ki taimake ni."

Ƙarfe Takwas ta dubi jaririyar, ta faɗi sunan jaririyar a waya. Wa zai ga laifinta? Ni dai ban gani ba. Sai dai bayan sati biyu da ta sake samun gurbi, ƙafar maigidan ce ta yi gyambo, shi ta kai. Daga nan kuma sai ta riƙa cewa bari ta jira Talata, ranar da likita mace ke zuwa, guraben Talata kuwa kafin ka ƙifta ido sun ƙare. Ƙwayar wake ta zama ƙwallon dabino.

Sai bayan wata biyar ta zauna a gaban likita da sunanta a kan takarda. A bangon ɗakin jira an manna sanarwa da manyan baƙaƙe: minti goma ga kowa, matsala ɗaya a zuwa ɗaya. Ta karanta ta fi sau ɗari a shekarun nan, tana ma koya wa wasu. Likitan namiji ne, matashi mai kirki, gajiya ta zauna masa a ƙarƙashin ido. Shekara da shekaru ya san ta a matsayin mai turo keken mijinta. Yana ganinta ya saki fuska.

"Mama, sannu da zuwa. Ya jikin Baba?"

Wannan tambayar ce ta cuce ta. Tambayar kirki ce, wallahi, amma ita ta cuce ta. Bakinta ya buɗe da abin da ya saba. Ta ba shi labarin gyambon, da sabon maganin da ke sa shi jiri, da rashin barcinsa. Likita ya buɗo bayanan mijin a kwamfuta, ya rage wannan, ya canza wancan. Ita kuma ranta ya ɗan yi sanyi, don maganar jikin wani ta fi sauƙi a kan ta ɗaga riga gaban sa'an ɗan cikinta. Ta ɗaga kai ta ga agogo, saura minti ɗaya. Likita ya miƙo mata takarda.

Har ta kama hannun ƙofa ta juyo.

"Likita, dama akwai wani ɗan abu da nake so in nuna maka."

Ya dubi agogo, ya dube ta. A waje mutum goma sha biyu ke jira, ta gan su da idonta.

"Na gaggawa ne, Mama?"

Da ta ce e, da ya zaunar da ita. Na tabbata da ya zaunar da ita. Amma matar da ta yi shekara tara tana bin doka sau da ƙafa, ta ina za ta fara karya ta a kan kanta?

"A'a, ba wani abu ba ne."

"To ki nemi wani lokacin, mu duba shi a tsanake."

Ta fito ta tsaya a teburin yarinyar nan ta ce a rubuta mata wata ranar. Yarinyar ta marairaice fuska.

"Mama, ke kin fi kowa sani. Ba a bayarwa a nan, sai ta waya da safe."

A watan ne gidan wankin ya samu sabon otal, aiki ya ƙaru, aka mayar da shiga bakwai da rabi. Waya kuwa a akwatin ƙarfe ake kulle ta a bakin ƙofa, sai an tashi. Ƙarfe takwas sai ta same ta tsaye cikin tururi tana kallon agogon bango, babban yatsanta yana motsi a kan hannun dutsen guga. Ranar hutunta ɗaya ce a ranakun aikin asibitin, wannan ranar kuma ta maigida ce. Ba ta gaya wa kowa ba. In 'yarta ta bugo sai ta ce lafiya lau, sai ɗan ciwon kafaɗa na guga. Tsoro kuwa ya zauna mata daram, da shi take ci, da shi take tashi.

Ranar da hannun hagun ya kumbura har ta kasa naɗe zani, shugabar aikinsu ta ja ta bayan tulin kaya ta ce ta buɗe. Tana gani ta dafe ƙirji, ta sa ta a mota sai babban asibiti. Aka yi hoto, aka ɗebi nama, aka ce ta dawo. Da ta dawo, wata likita mai furfura ta jawo kujera kusa da ita ta tambaye ta tun yaushe ta fara jin ƙullin.

"Wata goma sha huɗu."

 Likitar ta gaya mata cewa abin ya shiga ƙashi, ya shiga hanta. Za a rage mata ciwo, amma maganar watanni ake yi. Ba a ƙirga mata minti ba a wannan ɗakin. Aka bar ta ta zauna iya son ranta, yanzu da zaman ba shi da sauran amfani.

Ba ta yi kuka ba sai a motar haya, kuma ba mutuwar ce ta fara zo mata a rai ba. Maganin maigida zai ƙare ranar Alhamis.

Yanzu ta bar aiki. Kullum da safe, takwas saura kwata, sai ta tura kekensa zuwa tagar kicin, tana hutawa sau biyu a tsakanin ɗaki da taga. Ta ɗora masa waya a cinya, ta kama yatsansa na hagu.

"Malam, dubi nan. Saura daƙiƙa goma za ka fara. Biyu, sannan ɗaya. Kada ka tsaya jin maganarta."

Yatsan mai fenti, wanda a da ke jan layi a bango ba ko karkata, sai ya sauka a kan biyar. Su sake. Ya danna biyu, wayar ta zame ta faɗi ƙasa. Kafin ta sunkuya ta ɗauko, da ƙyar da nishi, takwas da minti tara ta yi. Muryar na'ura ta ce guraben yau sun ƙare, a sake gwadawa gobe.

Jiya ma haka aka yi, shekaranjiya ma. Ko da layin zai shiga, da wane harshe zai faɗi sunansa? Ta san wannan, shi ma ya sani. Yau da muryar ta gama, sai ya riƙe hannunta mai kumburin, bakinsa yana rawa, ya daɗe yana kokawa da kalma har ta fito.

"Ke fa?"

Shekara tara ba wanda ya yi mata wannan tambayar. Ta goge masa haɓa da gefen mayafinta, ta mayar masa da wayar kan cinya.

"Ni an riga an gan ni, Malam. Kawo yatsan mu sake."