Masu Gadin Sandar Kaka Elbia

Elbia Techera tana da shekara saba'in da ɗaya. Ta yi shekara talatin da biyu tana dafa wa yara abincin rana a wata firamare da ke bayan garin Treinta y Tres, kafin ciwon gwiwa ya sa ta ajiye aiki. Tun suna sabon aure ita da mijinta Walter, duk makon hutun Ista suke kafa tanti a gaɓar kogin Olimar, a gindin wasu itatuwa uku. Ya rasu shekara shida ke nan, ita kuwa ba ta fasa ba. Yanzu ɗanta Ruben ne ke jan a-kori-kurar. Maza na kamun kifi da gashin nama da karta. Ƙananan yara kuwa nata ne.

Bana yaran uku ne: Luana mai shekara huɗu da ƙaninta Tadeo mai shekara biyu da rabi, 'ya'yan Ruben, sai wata 'yar ƙanwarsa da ba ta cika uku ba. Tun a mota Yanina, matar Ruben, ta faɗi abin da ke ranta. Haifaffiyar Montevideo ce, babban birnin ƙasar, can kuma suke zaune, ba ta saba da kwanan daji ba.

"Mama, ki yi haƙuri, bana ce ta ƙarshe. Ga wuta, ga kogi, ga wannan yaron da ba ya zama. Baɗi gida za mu kama a bakin teku, mai ƙofa da sakata."

 Elbia ta san in jikokin ba su zo ba, ita ma ba ta da abin zuwa yi.

Ba ta zuwa da kayan wasa. Ta ce a makaranta ta lura yaro na gajiya da abin wasa kafin ruwa ya tafasa, amma ka ba shi aiki na gaske, sai ka roƙe shi ya bari. Don haka kowa na da aiki. Da safe su tsinto ƙirare, su raba su kashi uku: siriri, matsakaici, da wanda sai an ja shi. In tana murza fulawar torta frita, wata wainar fulawa da ake soyawa, su ne masu huda tsakiyar kowace da ɗan yatsa kafin ta shiga mai. Tadeo yakan huda tasa sau biyar.

"Kai maigida, wannan ai rariya ce," in ji ta. "Ubanka za mu ba, ba ya bambancewa."

Babban aikin shi ne gadin sanda. Duk mai kwana a bakin Olimar ya san ana kafa sanda a daidai inda ruwa ya tsaya, don a gane in kogi ya fara hawa. Manya sukan kafa su manta. Elbia ta ɗaure wa tata tsumma uku, ja a ƙasa, sai fari, sai shuɗi a sama. Tana kuma da wata igiya mai ƙulli huɗu, kowa da nasa. Duk lokacin da buta ta tafasa za a cika filas na shan mate, shayin ganyen ƙasarsu, abin da a gidansu yakan kai sau takwas a yini, sai ƙananan ma'aikatan su kama ƙullinsu, ta ja gaba, su tafi wani kututture da ke taku ashirin daga ruwa. Nan aiki ya tsaya. Mai gadi ba ya wuce kututture. Wanda ya wuce an kore shi, gobe ba shi da ƙulli. Su zauna, su duba, su koma su kai rahoto.

"Kaka, ja yana nan."

"Fari fa?"

"Yana nan."

"To, madalla. A je a faɗa wa masu karta, tunda su ba su da idanu."

Ta ce yaron da ka hana kallon kogi zai je a sace. Wanda ke zuwa sau takwas a yini da izini, har ya gundure shi.

Ranar Laraba gari ya waye tas, ko gajimare babu. Da hantsi ma'aikata suka je suka dawo, Luana na gaba tana haki.

"Baba, ja ya jiƙe."

"To, zai bushe," in ji Ruben, idonsa na kan karta.

A tafasa ta gaba, ja ya nutse, ruwa na lasar fari. Wannan karon Elbia ce ta kai rahoton da kanta.

"Ku tashi a kwashe tantuna, a hau tudu."

"Haba Tsohuwa, ko ɗigo ba a yi ba."

"A kanka kogin yake tasowa? An yi ruwa a duwatsu jiya. Da ubanka ne da tuni ya cire turaku."

"Bari mu ƙarasa wannan zagayen."

"Ƙarasa. Kifi ma sa taya ka ƙirga."

Ruben ya je ya duba da idonsa, ya dawo da sauri. Awa guda aka yi ana ciccire turaku, ana jan katifu, ana ɗaukar garwashi a shebur. A wannan awar babu babban da ke da hannu ko ido na duba yaro. Yanina na rungume da barguna, tana waige, tana kiran sunan Tadeo. Sai ta hango su. Suna tafe a layi riƙe da igiya, kowa da cokali ɗaya a ɗaya hannun. Elbia ta ba su aikin kwashe cokula zuwa tudu, ɗaya-ɗaya. Cokali goma sha huɗu ne. Sawu biyar suka yi, a na ƙarshe Tadeo ya ɗauko murfin tukunya don kada ya koma hannu wofi.

Kafin ƙarfe huɗu ruwa ya shafe inda murhu yake, ya tafi da sandar. Luana ta yi kuka sosai saboda sandar.

Elbia ta ɗauka magana ta ƙare, tunda abin da Yanina ke tsoro ya zo har gindin itatuwan. Ta zauna a kujerarta a kan tudu tana murza gwiwa. Yanina ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, ta miƙa mata, ta zauna a ƙasa kusa da ita.

"Mama, wa ya fara gani?"

"'Yarki."

"Maza huɗu a wurin nan."

"Suna da uzuri. Karta ta yi daɗi."

Yanina ta yi dariya, ta karɓi ƙoƙon, ta sake cikawa. Can ta ce, "In za a zo baɗi, a nan tudun za a kafa tun ranar farko. Ba na son jin zancen inuwar itatuwa."

"Walter ya fi son ƙasa."

"Walter ba shi da Tadeo."

Elbia ta ce an ji.

"Kuma a ƙara ƙulli a igiyar nan. Ni ma ina son in riƙa ganin tsumman da idona."

"Kin dai san doka. Ki wuce kututture, in kore ki."

Sun ƙarasa makon a kan tudu. Saura wata goma kafin Ista ta zagayo, amma Luana na tambayar sanda duk lokacin da aka bugo waya. Ranar Litinin da ta wuce Elbia ta yanko wata sandar a bayan gida, ta feƙe gindinta, ta yage tsohuwar rigar aikinta ta sami fari. Shuɗi da ja ta karɓo a wurin maƙwabciya, wadda ta ɗauki hoton sandar da wayarta aka tura Montevideo. Sannan Elbia ta jingine sandar a bayan ƙofa, kusa da igiyar mai ƙulli biyar.