Hannun da Malam ya daina miƙawa

Bayan an yi wa Malam aiki a Kano, aka cire masa ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya dawo Haɗeja da ƙafarsa, amma ya daina ba kowa hannu. Ana sallame salla sai ya cusa hannuwa cikin riga ya fice. Tun mutane suna uzurin jinya har suka fara cewa girman kai ne.

Ni matarsa ce, ɓoyo ba ya daɗewa tsakaninmu. Wata hantsi na shiga ɗaki na same shi da karan shinkafa yana gwada gabansa. Ya ce, "Ke, an taɓa ni. Dā har wannan gaɓar yake kaiwa."

Na ce, "Wa ya taɓa ka?"

Ya ambaci amininsa, wanda gonarsu ke haɗe a fadama, wanda ya bar yabanyarsa cikin ruwa ya yi zaman asibiti da shi. Wai shi ya fara kama hannunsa da ya farfaɗo, kuma kowa ya san da musabaha ake satar mazakuta.

Na ce, "Malam, tsoho mai ciwon gwiwa, me zai yi da naka?" Bai yi dariya ba. Aminin ya zo zaure da soyayyen kifi, Malam ya ce in ce yana barci. Ya sake zuwa. Daga baya ya daina.

Sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, can na koyi cewa tambaya ba ta kisa. Ranar komawa asibiti na bi shi. Likita ya ce, "Baba, akwai matsala?" Malam ya ce lafiya lau. Na ce, "Ba lafiya ba, likita. Abinsa ya ragu, ya ce sacewa aka yi."

Malam ya sunkuyar da kai. Likitan bai ko murmusa ba. Ya ce idan aka cire ƙullutun, ana janyo hanyar fitsari a ɗinke ta da mafitsara, kuma jijiyoyin wurin sukan yi sanyi, jini ya daina cika shi kamar dā, sai naman ya tsuke. Ga tumbin da zaman jinya ya ƙara. Ya ce kara ba ma'auni ba ne, sanyi ma da fargaba suna sa ya noƙe. Su likitoci daga ƙashin mara suke aunawa, a miƙe shi. Ya ce maza da yawa suna ganin haka, na wasu yakan ɗan dawo, ya rubuta magani.

A mota, da muka wuce Jahun, Malam ya ce, "Ashe na zalunci bawan Allah."

Na ce, "To, ka je ka gaya masa."

"In ce masa me? In ce na ɗauke shi ɓarawon me?"

Na ce ni zan faɗa wa matarsa. Ya ce in na buɗe baki bai yafe ba.

Yanzu yana gaisawa da kowa a masallaci. Ya miƙa wa aminin hannu, shi kuwa ya karɓa da 'yan yatsu, ya wuce. Da damina sukan yi yini guda a fadama, kunyar gona ɗaya ta raba su, kowa yana korar tsuntsayensa. Ni kaɗai na san dalili, an kuma ɗaure mini baki. In matar aminin ta gaishe ni a wurin niƙa, sai in amsa a gajarce in ɗauki ƙwaryata.