Ranar da na buɗe kafofin kwamfutar Kawu

Motar da aka tare a hanyar Bukkuyum ina cikinta. Ni na faɗa gonar dawa na kwanta, Kawu kuwa aka shiga daji da shi, har da jakarsa mai laftof ɗin shago. Har yanzu in babur ya yi ƙara a bayana, sai na waiga.

Ba a yi mako ba ɗiyar Kawu ta same ni a ɗaki. Ranar za a rufe rijistar jarrabawar kammala sakandare, ita kuma ba a ɗauki zanen yatsanta ba. Da ma Kawu ya ce da hannunsa zai yi mata.

"Yaya, in ta wuce sai baɗi," ta ce.

Na miƙe na ɗauki makullin shago. Inna na tankaɗe ta ɗago ta dube ni. "Ke da ko kofin ruwa ba ki iya riƙewa? Mi za ki yi shago?"

"Buɗewa zan yi, Inna."

Shagonmu na bakin kasuwar Gummi. Abin da ya rage a ciki tsohuwar kwamfutar tebur ce da nake buga wa mutane takardu. Da muka isa ni da ɗiyar Kawu, na tayar da janareta, na soka na'urar ɗaukar yatsa a kafar kwamfutar. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na gwada kafofin baya, shiru. Sai na tuna Kawu da kansa ya rufe kafofin, saboda samari masu zuwa da filasha a tura musu waƙa suna bar mana bairos mai lalata kwamfuta. Shi ya sa allon rubutunmu da linzamin kwamfutar tsofaffi ne masu zagayayyen kan waya, ba sa bi ta waɗannan kafofin. Ya rufe su ne a wani shuɗin shafi da ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi, ya kuma gargaɗe ni: wanda ya taɓa abin da bai sani ba a can, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Na kashe, na kunna, ina danna F2. Lokacin ya wuce ni. Na sake. Shafin ya fito, Turanci zalla, linzami ba ya aiki, sai kibiyoyi. Na bi layi-layi ina karantawa a fili kamar 'yar firamare, har na kai inda aka jera kafofin USB, kowace an rubuta mata a rufe. Na mayar da su a buɗe, na fita da sauri.

Na'urar dai ba ta kama ba.

"Kin lalata ta ko?" ƙanwar tawa ta ce.

"Yi min shiru, uwar tsoro."

Ni ma tsoron nake ji. Na koma shuɗin shafin, na tarar komai ya koma a rufe. Ashe ban adana ba. A ƙasan shafin an rubuta F10. Na sake buɗe su, na danne hannun damana da na hagu, na yi bismilla, na danna. Allon ya yi baƙi. Muka zuba masa ido.

Kwamfutar ta tashi, fitilar na'urar ta kawo ja.

Ta goge babban yatsanta a hijabi ta ɗora. Zanen ya fito sarai. Na tura, na buga mata takardar shaida. Ranar ba mu san ko Kawu na raye ba. Ta naɗe takardar, na kulle shago, muka bi ta cikin kasuwa inda akwai mutane.