Injinmu Otomatik

Ko da zan manta da komai, ba zan manta da shekarar da maigidana ya sayo injin niƙa ba, lokacin da kuɗin fetur suka cika ƙasa.

Wata kalma ta shigo ƙauyenmu na kusa da Yankara ne a hannun wani Alhaji da ya dawo daga Makka da agogo. Ya ce sunansa otomatik, ba a ba shi wani, wato ba a murɗa shi, da kansa yake tafiya. Kafin kaka kalmar ta bar agogo ta bi gari. Atamfa mai kyau otomatik, amarya otomatik, har tuwona in ya yi laushi sai a ce otomatik. Ni dai na kasa gane kanta, amma nakan yi dariya tare da kowa.

Maigida ya sayar da shanun nomanmu biyu ya tafi sayen inji. Tambaya ɗaya ya yi wa mai sayarwa: "Otomatik ne?"

"Otomatik ne mana, Alhaji!"

Shi mai sayarwa, inji mai kyau yake nufi. Maigida kuwa agogo ya tuna. Yana zuba man da inji ke sha, amma baƙin mai ko duba shi bai taɓa yi ba.

Na ce, "Malam, in da kansa yake komai, don mi kake murɗa shi kullum har kana zufa?"

"Ke mi kika sani a kan inji?"

Na koma aikina, don wallahi ban sani ba.

Rannan mata sun yi layi da ƙwaryar dawa, sai inji ya yi ƙara, ya yi hayaƙi, ya tsaya cik. Bakanike ya zo daga Faskari, ya zaro sandar awon mai, ƙamas.

Maigida ya ce, "Ai otomatik ne."

Bakanike ya dube shi ya ce, "Baba, wane irin otomatik? Ya ƙone."

Damina ta faɗi, ba inji, ba shanu. Da fartanya maigida ya yi huɗa, ina kallonsa hawaye na zubo mini. Maƙwabta kuma suka laƙa masa suna Otomatik, har ya koma ga Allah.

Tun daga nan, in an faɗa mini sabuwar kalma, sai na tambayi mai faɗin abin da yake nufi. A yi mini dariyar, ta fi sayar da shanu sauƙi.