Ciyawar Jamsran

Ni ke sayar da ruwa a famfon unguwarmu, can kan tudun arewacin Ulanbator, babban birnin ƙasarmu. Kowa sai ya turo kurarsa da jarkoki ya zo wurina, don haka babu wanda ban sani ba. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani dattijo da muke kira Jamsran guai, domin guai kalmar girmama manya ce a wurinmu.

Makiyayi ne daga yankin Zabkan. Wata shekara sanyi ya yi tsanani, ƙanƙara ta rufe ƙasa ta daskare, tumaki suka yi ta tono har kofatansu suka yi jini ba su kai ga ciyawa ba. Kafin bazara garkensa ya ƙare ƙaf. Ya naɗe tantinsa na ulu, ya kwaso matarsa Dolgor da 'yarsu Sarangerel, suka kafa a wani fili mai shingen katako kusa da famfona. Dolgor ba ta daɗe ba, ƙirjinta bai iya da hayaƙin birni ba. 'Yar kuma ta tafi Koriya neman aiki. Ya rage daga shi sai murhunsa.

Bayan rasuwar matar ya ɓace mana kwana da kwanaki. Sai ga shi ya dawo a bayan wata babbar mota da buhuna jingim. Ashe garinsu ya je, ya ɓamɓaro ciyawar kwarin da ya yi kiwo, da saiwarta da ƙasarta. Ya shimfiɗa ta a ƙofar tantinsa, wurin da bai fi faɗin ɗaki ɗaya ba.

Daga ranar ruwan da yake saya ya ninka. Na ce masa, "Jamsran guai, wannan ruwa haka, ko wanki ka fara yi wa mutane?"

Ya ce, "Baƙi gare ni, 'yata. Masu ƙishirwa ne."

Shekarar farko baƙin nasa suka mutu. Ba sanyi ne ya kashe su ba, domin ciyawar ta saba da wanda ya fi shi. Iska ce. A tudunmu ɗan abin da ya sauka na dusar ƙanƙara iska takan share shi, ƙasa ta zauna tsirara wata da watanni, saiwa ta bushe. Da bazara ya durƙusa ya murza ciyawar a tafinsa, ta zama gari. Ya sake komawa Zabkan.

A karo na biyu ya canja dabara. Da kaka, kafin ƙasa ta daskare, ya ba ta ruwa har ta ƙoshi, ya barbaɗa mata busasshen kashin tumaki. Da sanyi ya shigo kuma sai ya riƙa bin gidaje da shebur da buhu yana roƙon dusar ƙanƙarar da ta taru a gindin shinge, ya kai ya lulluɓe filinsa da ita. Maƙwabcinsa Gombo, direban tifa, mai baki ne kamar reza. Ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Dattijo, mutane na kwashe ƙanƙara suna zubarwa, kai kana tarawa? Wai ina ma dabbar da za ta ci ciyawar? Ko kai za ka ci?"

"In na gaji da shayi, me zai hana?" in ji Jamsran.

Ciyawa kuwa ta fito, shar da ita, a unguwar da ba ka ganin komai sai tsakuwa da toka. Da almakashin askin tumaki yake rage mata tsawo, a durƙushe, yana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Wani lokaci in na rufe famfo nakan hango shi zaune a gefenta da ƙoƙon shayin madara, ya cire takalmi ya nutsa ƙafafunsa a ciki. Ba mai zuwa wurinsa. Sarangerel takan bugo waya ranar Lahadi, in ba ta da aiki.

Ana nan, wata kaka ɗan Gombo zai yi aure. Gombo ya sayo rago, amma gidansa ga tifa ga kare, babu wurin ɗaure shi. Ya zo yana sosa ƙeya. "Dattijo, ka ajiye mini shi zuwa ranar biki. Zan ɗaure shi can nesa da lambun naka."

Jamsran ya karɓi igiyar, ya kwance ta daga wuyan ragon, ya sake shi a tsakiyar ciyawar.

Ban taɓa ganinsa kamar a waɗannan kwanaki ba. Ya zo ɗibar ruwa yana raira waƙar kiwo. Ya ce da ni, "Kin ga yadda yake ci? Ya gane ta. Ta gida ce." Ragon ya cinye filin tas har ya kusa kai ƙasa, dattijon yana zaune yana kallo, hannunsa a kan gadon bayan ragon.

Ranar biki aka rasa wanda zai kashe ragon irin na ƙauye, ba tare da jini ya taɓa ƙasa ba. Shi aka kira. Ya yi aikinsa a natse, ya wanke hannu. Aka kai masa nama mai kitse, ya yi godiya, amma bai shiga wurin bikin ba.

A sanyin shekarar tari ya kama shi, shebur ya gagare shi. Gombo da kansa ya riƙa watso masa ƙanƙara ta kan shinge, yana mita wai bayansa zai karye saboda ciyawa. Da bazara Sarangerel ta dawo, ta ga yadda mahaifinta ya rame, ta sayar da filin ta ɗauke shi zuwa wani dogon bene a cikin gari.

Na je gaishe shi sau ɗaya. Na same shi a kujera bakin taga, ɗakin da ɗumi, 'yar ta fita aiki. Ya daɗe yana riƙe da hannuna. Ya tambayi lafiyar Gombo, ya tambayi ko an yi ruwan sama a wajenmu, domin a nan, in ji shi, ba ya jin saukarsa a kan rufi. Na ce an yi. Ya gyaɗa kai, ya tashi da ƙyar zai dafa mini shayi, sai ya tsaya a gaban murhun lantarki yana neman inda ake kunnawa.

Bai kai wata bazarar ba.